Farashin Zaman Benci

A gidanmu babu wanda ya san aikin da nake yi, kuma tuni na daina wahalar da bakina. Ranar da aka fara ce mini Dakta, Gwaggo ta biyo ni har ɗaki, ta ɗage zane ta nuna mini gwiwarta.

"Duba mini nan, 'yar nan. Tun bara take ƙara kamar tsohuwar ƙofa."

"Gwaggo, ni ba irin wannan likitar ba ce. Tattalin arzikin lafiya na karanta."

"To ba asibiti ba ne?"

Yaya yana bakin ƙofa yana goge takalmi. Ya ce, "Rabu da ita, Gwaggo. Wannan likitar kuɗin mutane ce. Ko allura ta gani sai an yayyafa mata ruwa."

Tun daga ranar sunana ya koma Likita-ba-allura. Na karɓa. Wanda bai san tsawon rijiya ba ai dole ya raina guga.

Aikin kuwa ba shi da wuyar faɗa. Kuɗin da ake warewa don lafiya ba ya taɓa isa. In an sayi wannan, an bar wancan. Mu ake ba wa lissafin, mu ce wace hanya ce za ta amfani mutane mafi yawa da ɗan abin da ke hannu. Likita mutum ɗaya yake gani a gabansa, yana jin nishinsa. Mu dubbai muke gani a kan gilashin kwamfuta, babu fuskar ko ɗaya. Daga nan ɓarnar take farawa.

Na sami aikin kwantiragi a wata cibiyar bincike, a hawa na uku, ƙarƙashin Farfesa. Farfesa mutum ne da ya rubuta takarda ɗaya mai kyau da ƙuruciyarsa, tun daga nan yake ɗumama ta yana zuba wa baƙi. Ofishinsa cike yake da hotunansa yana gaisawa da manya, a kowanne ya ɗan rusuna. Yana da na hannun dama, wani dogon saurayi mai sheƙin takalmi, wanda muke kira Haka-ne, domin tun Farfesa bai kai ƙarshen magana ba yake cewa, "Haka ne, Farfesa." Na taɓa jin Farfesa ya yi atishawa, shi kuma ya ce haka ne.

Aikin da ya zo mana daga ma'aikatar lafiya tambaya ɗaya ce: a rufe ƙananan asibitocin unguwanni a mai da komai sabon babban asibitin da ke bayan gari, ko a bar su? Kowa ya san amsar da ake so. An riga an yi wa ginin fenti, an dasa furanni a ƙofa. Mu aka kira mu shafa wa hukuncin turare. Kwantiragina kuma da rahoton zai ƙare, sabunta shi sai da sa hannun Farfesa.

Da aka zo raba aiki, maza suka ɗauki kujerun ofis, aka ce ni in je asibitocin in tattaro bayanai.

"Mata sun fi sakin jiki da 'yar uwarsu," in ji Farfesa.

"Haka ne, Farfesa."

Sun ɗauka sun jefar da ni ne. Na ɗauki jakata na tafi.

Watanni na yi a kan bencunan asibiti. Na san na tsohon babban asibitin gari ɗaya bayan ɗaya: mai gajeriyar ƙafa da ake tokara wa dutse, mai ƙusa da ke yaga zane, da na kusa da banɗaki wanda sai an rasa wuri ake zama. Fankar baranda tana juyawa a hankali kamar mai tunanin ajiye aiki. Tagar ɗakin kati an toshe rabinta da kwali, hannu kawai kake gani yana fitowa yana komawa. Mata ne suka fi yawa, masu awon ciki, masu goyo, masu hawan jini, masu rakiyar tsofaffi. Tun duku-duku suke fitowa, mota biyu suke hawa, wata sai rana ta karkata take ganin likita. Na zauna da wadda ta bar keken ɗinkinta da kayan mutane a kai. Na zauna da wadda ta bar 'ya'yanta wajen maƙwabciyar da ba sa ga maciji. Wata ta ce mini ta kulle surukarta a ɗaki da kwanon ruwa, domin tsohuwar tana ɓacewa in an bar ƙofa a buɗe. Tana magana idonta yana kan hanya.

A asibitin unguwa kuwa ɗaki biyu ne da baranda, ma'aikaciyar jinya mai faɗa da ma'aunin da sai an buga masa yatsa. Amma mace za ta ɗora tukunya, ta je a auna ta, ta dawo ba ta ƙone ba.

Na koma ofis na zuba komai a tsarin lissafinmu. A cikinsa akwai gurbi ɗaya mai suna lokacin majiyyaci. Ƙa'idar cibiyar, tun kafin a haife ni, ita ce a auna lokacin mutum da albashinsa. Mai albashi in ya wuni a layi, an yi asarar wuninsa. Marar albashi kuwa sifili ake sa masa. Matan bencunan nan kusan dukkansu ba su taɓa riƙe takardar albashi ba, saboda haka wuninsu duka, da mota biyun, da surukar da aka kulle, sifili ne. Da wannan sifilin babban asibiti yake fitowa da araha. Na cire shi na sa mafi ƙanƙantar ladan da ake biyan lebura a wuni, ban ƙara ko ƙwayar zarra ba. Nan take lissafin ya kife. Asibitocin unguwa suka hau sama.

Washegari Farfesa ya aiko a kira ni. Na tarar da shi ya zame tabarau zuwa kan hanci, Haka-ne yana tsaye a bayansa kamar inuwa.

"Malama, wa ya ba ki izinin taɓa gurbin nan?"

"Abin da na gani ne ya ba ni, ranka ya daɗe."

"Gani!" Ya yi dariya ya waiwayi Haka-ne, shi ma ya yi. "Yarinya, nan ba wurin tausayi ba ne, wurin kimiyya ne. Matar da ba ta da albashi, in ta wuni a benci, me ƙasa ta rasa?"

"Haka ne, Farfesa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in mai ɗakinka ta wuni a benci, ba ka rasa komai a gida?"

Ya cire tabaran gaba ɗaya ya dube ni kamar na zubar masa da shayi a riga.

"Mai ɗakina ba ta zuwa asibitin gwamnati."

Ya faɗe ta da alfahari. Bai ma ji abin da ya fito daga bakinsa ba.

Daga ranar aka fara gasa mini aya a hannu, irin gashin masu ilimi, wanda babu hayaƙi. Na zo da safe na tarar an mai da teburina ɗakin injin kwafi, tsakanin kwalayen tsofaffin takardu da bokitin mai shara. Aka ce gyara ake yi. Aka daina kirana taro. Masu gaishe ni suka koma ɗaga gira, daga baya girar ma ta yi musu nauyi. Sunana da ke na biyu a bangon rahoto ya gangara zuwa shafin godiya, layi ɗaya da direban cibiya. Na karanta, na je na taya direban murna, domin shi aƙalla ya taka ƙasar asibitocin.

Ban yi kuka ba, ban kai ƙara ba. Kullum nakan zo kafin kowa, in sa rigata mafi kyau, in zauna a ɗakin injin nan kamar ofishin minista. Duk wanda ya shigo yin kwafi sai na ce masa, "Sannu da zuwa, me za a yi maka?" har ya rasa inda zai sa idonsa.

Aka ba Haka-ne lissafin ya mai da sifilin. Kwana biyu yana fama. Ya taɓa nan, can ya rushe, har ya fito da sakamakon da ke cewa asibitin zai warkar da mutane fiye da yawan mutanen garin. Dole Farfesa ya sauko da kansa, ya tsaya a ƙofar ɗakin injin yana toshe hanci.

"'Yata," in ji shi. Yau na zama 'yarsa. "Ki gyara mana abin nan yadda yake. Ranar gabatarwa ke za ki riƙa danna mana majigi. In an gama lafiya, takardar kwantiraginki tana kan teburina."

Da yamma na koma gida na tarar da Umma tana juya Baba. Shekarun baya ɓarin jikinsa ya shanye, tun daga nan ita ce hannunsa da ƙafarsa. Ta sa kafaɗa ta kifa shi a hankali, ta shafa masa mai a baya, ta canza zanen gado, jikokinta biyu suna rataye da gefen zaninta, ruwa yana tafasa a kicin. Ita ma hawan jini gare ta. Asibitin bakin layinmu take zuwa awo, cikin waɗanda za a rufe, tana fita in Baba ya yi barcin hantsi, ta dawo kafin ya farka.

Na ba su labari. Yaya ya ce, "Likita-ba-allura, sa musu sifilinsu ki karɓi albashinki. Gaskiya ba ta biyan haya."

"Ai kai ko sunanka aka ce ka goge za ka goge, in dai da shayi."

"Ji ta! Umma, kin ji 'yarki ko?"

Umma tana matse tsumma a roba. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Yayanki ya fi ki hankali. Ki bi manya. Mu ai ba aikin da muke yi, in mun wuni a asibitin me ya ragu? Zaman ne dai, can ko nan."

Na tsaya ina kallon hannuwanta, fatar ta yi fari saboda ruwa da sabulu. Maganar Farfesa ba ta ƙona ni ba kamar wannan. Shi jahili ne da digiri. Ita kuwa an daɗe ana gaya mata ita sifili ce har ta haddace, tana biya wa 'yarta.

Na mayar musu da sifilinsu yadda suka ce. Nawa lissafin kuma na bar shi a ƙarƙashi, dannawa ɗaya tsakaninsu.

Ranar gabatarwa aka share babban zaure, aka jera ruwan gora da furannin roba. Babban Darakta na ma'aikatar lafiya ne zai zo ya ji rahoto ya sa hannu. An ce da hantsi. Hantsi ya yi, ya wuce. Na'urar sanyaya ɗaki ta yi ta huci. Aka sha ruwan gora, aka kawo wani. Aka aika a tambaya, aka ce yana hanya. Rana ta take tsaka, yana hanya.

A nan na gane cewa manyan nan ba su iya jira ba. Kujerunsu masu katifa ne, ga sanyi, ga biskit, babu yaro mai zazzaɓi a cinyar kowa, amma sai mutsu-mutsu suke kamar an zuba musu ƙaiƙayi. Ni kuwa na yi karatuna a benci mai ƙusa. Na harɗe hannu na zauna daram.

Farfesa ya tashi ya zauna, ya tashi ya zauna. Daga ƙarshe ya fashe.

"Wannan wane irin wulaƙanci ne? Na soke aji, na soke taro da baƙi, ko abinci ban ci ba! Shin mutumin nan ya san nawa ake biyana awa ɗaya?"

"Haka ne, Farfesa."

"Wuni guda ya tafi a banza! Wa zai biya ni?"

Kowa a zauren ya ji. Wasu suka gyaɗa kai, wasu suka yi tsaki don taya shi.

Sai can da rana ta karkata aka ji jiniya a ƙasa. Babban Darakta ya shigo, gajere mai tumbi, yana share baki da hankici, alamar shi dai ya ci nasa. Ya ce, "Farfesa, na ɓata muku lokaci."

Farfesa ya rusuna irin rusunawar hotunan ofishinsa, har tabaransa ya kusa faɗuwa.

"Haba, ranka ya daɗe! Ba komai, wallahi ba komai. Ba mu rasa komai ba. Zama kawai muke yi."

Na dubi bakin da ya faɗi wannan, na dubi agogon bango.

Aka fara. Farfesa yana zuba, yana cewa "na gaba," ina dannawa. Ya yi maganar inganci, ya yi maganar zamani, ya ambaci takardarsa ta ƙuruciya sau biyu. Aka zo shafin ƙarshe mai nuna amfanin kowace hanya: dogon sanda shuɗi na babban asibiti, gajeren ja na asibitocin unguwa. Darakta ya zaro alƙalami, ya tambaya don cika ƙa'ida, "Akwai mai magana?"

"Akwai, ranka ya daɗe."

Kawuna suka juyo. Ina jin wasu ma sai lokacin suka san majigin ba da kansa yake tafiya ba.

"Wace ce wannan?" in ji Darakta.

"Mai danna mana na'ura ce," in ji Farfesa da sauri. "Malama, zauna."

Ban zauna ba. Na ce, "Ni na yi lissafin nan, ranka ya daɗe. Gaba ɗayansa a kan magana ɗaya ya tsaya, wadda Farfesa ya gaya maka da shigowarka: wai mai jira ba ya rasa komai. Matan da za su wuni a layin babban asibiti, sifili aka sa wa wuninsu. Sai dai kafin ka iso, Farfesa ya koya mana wani darasin daban."

Darakta ya ajiye alƙalami. "Me ya ce?"

"Tambaya ya yi, ko ka san nawa ake biyansa awa ɗaya. Ya kuma ce wa zai biya shi wuninsa."

Haka-ne ya buɗe baki don sabo, ya rasa wanda zai ce wa haka ne, ya rufe. Darakta ya juya a hankali ya dubi Farfesa, irin kallon da mahauci ke yi wa rago.

"Ashe haka, Farfesa? To nawa ne? A gaya mini, ko na biya."

"Ranka ya daɗe, raha ce... yarinya ce, ba ta..."

Ban jira ya gama ba. A gaban idonsu na goge sifilin, na sa ladan lebura, na danna. Shuɗin sanda ya rankwafa, jan ya miƙe ya wuce shi.

"Ban sa musu farashin Farfesa ba," na ce. "Na lebura na sa."

Kada wani ya ɗauka Darakta ya ji tausayin matan benci. Bai tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya gani shi ne takardar da ke da amsa biyu, wadda wata rana wani zai iya ɗagawa ya tambaye shi. Ya mai da alƙalaminsa aljihu.

"Ba na sa hannu a kan hawainiya," in ji shi. "A kafa kwamiti ya tantance mana farashin jira. Kafin ya kawo rahoto kada a rufe ko ɗaki ɗaya. Farfesa, tunda kai ka fi kowa sanin darajar awa, kai ne shugaba."

Ya tashi ya fita, jiniya ta bi shi.

Takardar kwantiragina ba ta bar teburin Farfesa ba, sai dai zuwa kwandon shara. Ƙarshen wata Haka-ne ya kawo mini kwali in zuba kayana. Ya leƙa baranda hagu da dama, ya sunkuyo ya rage murya.

"Malama, tsakani da Allah, ke ce da gaskiya."

Na dube shi daga sheƙin takalmi har zuwa kai. Na ce, "Haka ne."

Na sha wuya bayan nan, ba zan ɓoye ba. Farfesa yana da abokai a duk inda ake ɗaukar irinmu, kuma waya ba ta da tsada. Na koma koyar da lissafi na wucin gadi a wata kwaleji, aji mai ɗalibai fiye da kujeru. Yaya ya samu abin tsokana na shekara guda. Binciken na rubuta shi da sunana ni kaɗai, na aika mujalla ta dawo da shi, na aika wata ta dawo da shi, ta ukun ta karɓa bayan ta sa na yi ta gyara kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Yanzu akwai ɗalibai a wasu wurare da ake hana su sa sifili a gurbin nan, suna ambaton sunana ba su san fuskata ba.

Kwamitin kuwa bai taɓa zama ba, kuma ba zai zauna ba. In Farfesa ya ce jira ba shi da farashi, Darakta yana nan yana tuna masa awarsa. In ya ce yana da shi, ya kashe rahotonsa da hannunsa. Saboda haka fayil ɗin yana kan wani tebur yana jiran layinsa, kuma bisa ƙa'idar cibiyar, ba a rasa komai ba. Asibitocin unguwa suna nan a buɗe, da ma'aikaciyar jinyarsu mai faɗa.

Ran nan da hantsi Baba ya yi barci, na ce zan raka Umma awo. Ina gaban madubi ina gyara ɗankwali, ta leƙo da katinta a hannu.

"Ke Likita-ba-allura, ki fito mana! Mutumin nan zai farka, ga wanki ban taɓa ba. Kina ɓata mini lokaci."

Na juyo a hankali.

"Lokacin wa, Umma? Ai ke ba aikin da kike yi."

Ta watsa mini yatsu biyar. "Ungo naki. Wuce mu tafi."